Babi na Bakwai: Kauri da Siriri

Wanda ya fita daga Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya karkata ta Ɗambatta ya kama hanyar Kazaure da Daura, da wuya idonsa ya faɗa kan daji. Gona ce ta jingina da gona: gero, dawa, wake, gyaɗa, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsattsaye a tsakiyarsu, wannan gari yana hango wancan. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta auna wannan yanki, yana nuna yadda ɗaruruwan mutane ke cin abinci a kan murabba'in kilomita ɗaya, suna noma ƙasa guda shekara da shekaru ba hutu, albarkacin takin da suke zuba mata. Inda jama'a ta yi yawa haka ciniki ba ya yankewa, ciniki kuwa rubutu yake jawowa. Babu kwanar da za ka sha ba ka ga allon mai takin zamani da maganin feshi ba, ko na kemis, ko na injin casar shinkafa, ko na Islamiyya, ko fastar ɗan takarar da aka gama zaɓensa tuntuni tana nan manne a jikin darbejiya.

Shekarun baya duk wannan aikin mai fenti ne. Kayan aikinsa buroshi biyu ko uku, gwangwanin fentin mai, sai fallen langa-langa ko katako. Haruffansa ƙosassu ne, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, in an ƙara masa kuɗi ya yi musu inuwa a gefe. Yanzu sana'ar ta koma hannun samari masu wayar hannu da tsohuwar kwamfuta. A CorelDraw ko Canva ko PixelLab ake tsara allon, a tura birni ta WhatsApp, a buga shi a fleks, a naɗe a ba direban motar haya ya kawo da yamma. Ta wannan ƙofa wani irin harafi ya shigo ƙauyukanmu wanda mai fenti ba ya yi, ba kuma don bai iya ba. Harafi ne mai ƙosasshiyar sanda a tsaye, amma duk layin da ya kwanta ko ya haɗa sanda da sanda bai fi silin gashi ba, ƙarshen kowace sanda kuma an yi mata 'yar ƙafa siririya miƙaƙƙiya. Mai kallo da ya gan shi zai ce na 'yan gayu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ne a goshin mujallar Vogue da Harper's Bazaar, irinsa ne a tambarin Giorgio Armani da na Zara. To me ya sa ido ke ganinsa ya ce mai tsada ne? Me kuma ke samunsa idan aka kafa shi a bakin titi a Makoɗa ko Kunci?

Kauri da siriri a rubutu daga bakin alƙalami suka fito. Ɗauki alƙalami mai faffaɗan baki, ka riƙe shi a ɗan karkace, kada ka juya shi. In ka ja shi ta inda faɗin bakin ke share takarda, layi zai fito da kauri; in ka ja shi ta tsawon bakin, sai ya fito siriri. Marubutan Turai sun shafe ƙarnuka da irin wannan baki, shi ya sa haruffan ɗab'in da aka zuba a Venis a ƙarshen ƙarni na 15 kaurinsu da sirancinsu ba su yi wa juna nisa ba, wurin sirancin ma a karkace yake. Daga baya yayi ya koma kan alƙalami mai tsini da ke buɗe baki in an danna shi. Wannan ba ruwansa da kusurwa. In hannu ya gangaro ya danna, tawada ta malala. In ya hau sama ya sassauta, layi ya koma zare. Masu sassaƙa rubutu a farantin jan ƙarfe suka ɗauki salon suka ƙara masa gishiri, domin tsinin ƙarfe yana jan layin da alƙalamin gashin tsuntsu ba zai iya ba.

Mutum uku ne suka sauke wannan salo daga farantin mai sassaƙa zuwa maɗaba'a. Na farko John Baskerville na Birmingham, tsohon malamin rubutu da ya yi arziki a sana'ar kayan ado masu fentin ƙyalli. Ya gane cewa siririn layi ba ya fita a takarda mai kaushi, don haka bai tsaya a harafi ba: ya gyara injin bugunsa, ya haɗa tawada baƙa wuluk, ya nemi takarda sumul, sannan in an buga shafi sai a matse shi tsakanin farantan jan ƙarfe masu zafi ya fito yana sheƙi. Littafinsa na farko ya fito a 1757. 'Yan uwansa Ingilawa ba su yi murna ba, har ana cewa haruffan za su makantar da masu karatu. Benjamin Franklin ya ba da labari a wata wasiƙa ta 1760 cewa ya miƙa wa wani mai irin wannan suka takardar samfurin haruffan wani maƙeri mai suna Caslon, waɗanda mutumin ya saba karantawa tun yana yaro, ya ce masa na Baskerville ne. Mutumin ya duƙufa yana nuna aibobi, yana kukan idonsa na ciwo. Rabin abin da muke cewa ya fi daɗin karatu, sabo ne.

Sauran biyun su suka kai abin maƙura: Firmin Didot a Paris, wanda zubinsa na sabon salo ya fara fitowa a 1784, da Giambattista Bodoni, wanda sarkin Parma a Italiya ya ɗauko a 1768 ya riƙe masa maɗaba'ar fada. A hannunsu harafi ya miƙe tsaye ƙyam, karkatar da alƙalami ya bari ta ɓace, ƙafa ta zama layi ɗaya tal ba wani lanƙwaso da ke tallafe ta, a manyan zubi kuma kaurin sanda yana iya ninka siririn layi sau goma ko fiye. Bodoni ya koyi aiki a Rum, a maɗaba'ar da cocin Katolika ke buga littattafan harsunan Gabas, don haka ya taɓa haruffan Larabci da hannunsa tun yana saurayi. Ya rasu a 1813. Matarsa Margherita ce ta ƙarasa babban kundin samfuran haruffansa, mujalladi biyu, ta fitar a 1818: shekara guda bayan rasuwar Shehu Usmanu, shekara guda kafin Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano. A cikin wannan ƙarni na 19 kuwa takardar arewacin Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, irin ta gidan Galvani na Pordenone, tana ta ratso Sahara ta Tarabulus tana sauka a hannun malamanmu. Takardar ƙasar su Bodoni ta riga harafinsa zuwa ƙauyen Kano da nisa.

Yadda ake yin harafin shi ne zai nuna mana inda tsadar take. Kowane harafi sai an sassaƙa shi a bakin sandar baƙin ƙarfe da magagari da tsinke, a gasa ta ta yi tauri, a buga ta a jan ƙarfe ta bar gurbi, sannan a riƙa zuba narkakkiyar dalma a gurbin. Layin da bai fi gashi ba yana iya karyewa a kowane mataki, in ya tsira kuma takarda mai kaushi ta cinye shi, ko tawada ta cika shi, ko ma'aikaci mai nauyin hannu ya murƙushe shi. Don haka duk shafin da siririn layi ya fito a cikinsa lafiya lau, shaida ce mai shi yana da ƙarfe mai kyau, takarda mai tsada, inji mai saiti da ƙwararren ma'aikaci. Bodoni kuwa sarakuna yake yi wa aiki; wani babban bugunsa na 1808 ma Napoleon ya sadaukar wa. Siririn layin nan nunin arziki ne tun ran gini, kuma har yau abin da ido ke karantawa ke nan ko da mai idon bai taɓa jin sunan Parma ba.

Da ƙarni na 19 ya yi nisa, aka riƙa buga salon a takardar banza da injin gaggawa, sai ya lalace, har mai maɗaba'a William Morris ya tsane shi ya ce babu mafi wuyar karantawa. Masu talla a Landan kuwa suka bi wata hanya: Robert Thorne da takwarorinsa suka ƙara wa sandar ƙiba har ta kusa cika harafin, don fastocin bango. Mujallun kwalliya ne suka dawo masa da martaba, saboda su suna da takarda mai sheƙi da manyan shafuka. Alexey Brodovitch ya riƙe tsarin Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958 ya mai da salon Didot tufar gidan, a 1991 kuma mujallar ta sa Jonathan Hoefler ya sake zana mata shi don kwamfuta. A 2011 Claus Eggers Sørensen ya fitar da Playfair Display, ɗan uwansu ne, kyauta a intanet. Daga nan zuwa wayar yaron da ke zaune a shagon caji a Ɗambatta ba tafiya ba ce mai nisa.

Yanzu mu kafa allon a bakin hanya. Ka ce mai shago ya sa an rubuta masa WAKE DA SHINKAFA da manyan baƙaƙe a wannan salo. A fuskar waya, tazarar taƙi ɗaya daga ido, abin gwanin sha'awa. Koma tsallaken titi ka duba. A harafin A, ƙafar hagu da sandar tsakiya siriri ne. A N, sandunan tsaye biyun ne siriri, mai ratsawa kaɗai ke da kauri. H tsakiyarsa siriri, E da F hannuwansu siriri, W rabinsa siriri. Ido ba ya ganin layin da ya gaza wani kauri daga wata tazara, saboda haka abin da ke isowa wurin mai babur da ke wucewa tarin sanduna ne, wasu a tsaye wasu a jingine, ba abin da ya haɗa su. A ƙananan baƙaƙe ma haka: e in ta rasa sandarta ta koma c. Masu allon talla suna da ƙiyasi da suka gada, inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta tazara, amma an yi ƙiyasin ne da harafi mai jiki. Ba banza ba da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana haruffan allunan titin Birtaniya, daga ƙarshen shekarun 1950, suka zaɓi marar ƙafa mai kauri ɗaya.

Wannan fa ranar da aka kafa allon ke nan, yana sabo. Saura rana ta bazara ta koɗar da tawadar fleks, saura ƙurar hunturu ta kwanta a kai, saura iskar farkon damina ta yi ta kaɗa shi har ya tsattsage. Sanda mai kauri in ta rasa rabin launinta tana nan. Siririn layi ba shi da rabin da zai rasa. Buhu ya fi muni. Buhun leda saƙaƙƙe ne, sili bisa sili, kuma duk layin da bai kai faɗin sili ɗaya ba ramukan saƙar za su yanyanka shi. Je ka Dawanau ka dubi yadda 'yan kasuwa ke sa wa buhunansu shaida: baƙaƙe biyu ko uku, manya, masu kauri, waɗanda ɗan dako zai gane daga bayan tirela da magariba. Babu wanda ya koya musu ilimin zane; asarar buhu ce ta koya musu. Sa Didot a buhun shinkafa tamkar shiga huɗa ne da shadda: ba haramun ba ne, amma gonar ba za ta raga mata ba.

Ba ina cewa a kore shi daga ƙauye ba ne. Yana da gurbinsa, kuma gurbin yana faɗaɗa: katin ɗaurin aure, sitikar kwalbar humra da turaren wuta, kwalin mai ɗinki, tambarin mai lalle, duk abin da ake riƙewa a hannu a duba a inuwa. A nan ma akwai sirrin da tsofaffin maƙeran haruffa suka sani, kwamfuta ta sa aka manta. Bodoni bai taɓa zana harafi ɗaya ya riƙa ƙara masa girma yana ragewa ba. Kowane girma daban yake sassaƙa shi: ƙanana ya ƙara wa siririn layinsu jiki ya buɗe tsakaninsu, manya ya sirantar. Didot ɗin Hoefler ma zubi-zubi ne, kowane girma da nasa. Yaron da ya ɗauki zubin da aka zana don babban kanu ya rubuta lambar waya da lambar NAFDAC da shi a ƙasan sitika, ya ɗora wa harafin aikin da ba nasa ba. A yi sunan kaya da shi, babba, baƙi a kan fari ko ruwan zinare a kan duhu in injin zai iya. Sauran bayani a ba wa harafi mai jiki. Yayi ma dai juyawa yake: a 2018 kamfanin tufafi na Burberry ya yar da tambarinsa mai ƙafa ya koma marar ƙafa, a 2023 ya dawo mai ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ɗauka cewa martaba a rubutu iri ɗaya ce, ta Paris. Garuruwan nan da muke magana a kansu suna da nasu harafin na girma, kuma akasin wancan ne. Shiga kowace tsangaya a ƙasar Bichi ko Minjibir ko Gabasawa ka dubi alaramma yana feƙe alƙalami. Sillen kara ne ko gamba, busasshe. Zai sa aska ya zaftare gefe ɗaya, ya rage gefe da gefe, ya ɗan tsaga tsakiya don tawada ta sami hanya, sannan ya ɗora bakin a kan wani abu mai tauri ya datse. A datsewar nan ake gane gwani, don ita ke yanke kaurin rubutun gaba ɗaya. Zai tsoma a kurtu ya gwada a bayan hannunsa ko gefen allo, in bai yi masa ba ya sake. Ta allo tawadar gawayi ce da ƙaro, mai wankuwa. Ta takarda kuwa akwai yambari, da ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda in ta kama ta kama ke nan.

Rubutun da ke fitowa daga wannan baki shi ake kira rubutun Kano: baƙi ƙirin, mai nauyi, a zaune daram a kan layi, alif da lam gajeru ƙosassu, sai wutsiyar ra da wawu da nun ke ɗan sirancewa a ƙarshe. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama, bisa al'adar Magariba da ruwayar Warshu. Masanin rubuce-rubucen hannu Andrea Brigaglia, a binciken da ya wallafa a 2011, ya danganta shi da tsohon rubutun Barno, ya kuma nuna yadda ya bazu tun daga wajen shekarun 1950, lokacin da aka fara ɗaukar hoton rubutun hannu ana buga shi da inji ana sayarwa a kasuwa. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Ishiriniya, duk a haka ɗalibai suka same su a Kasuwar Kurmi da hannun masu talla a kasuwannin ƙauye. Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, yana cikin waɗanda rubutunsu na Alƙur'ani ya fi shiga gidaje ta wannan hanya. Lura da abin da ya faru: a Turai sai da aka gyara takarda da inji don su ɗauki siririn layi, a Kano kuwa rubutun ne ya zo da kaurin da zai jure kowace irin takarda da kowane irin bugu.

A ganina kaurin nan ba daga injin kaɗai ya samo daraja ba. Rubutu ne da aka saba karanta shi da asuba da bayan isha, a gefen wutar kara, a kan allon da aka wanke aka sake wankewa, ido na yaro da na tsoho duka. Harafin da zai yi wannan aiki dole ya kasance mai jiki. Kuma kada a ce babu laushin hannu a cikinsa. Akwai, sai dai an raba aikin. Bayan an gama babbaƙu da babban alƙalami, sai a ɗauko ƙarami mai tsini a bi da wasali da jar tawada, hamza a ɗiga mata rawaya, alamar sadarwa kore. Abin da Bodoni ya cusa a cikin harafi ɗaya da launi ɗaya, alaramma ya rarraba shi tsakanin alƙaluma biyu da launuka huɗu. In nisa ko duhu ya cinye ja, baƙin yana nan, mahaddaci kuma ya karanta abinsa. In nisa ya cinye siririn Didot, rabin harafin ne ya tafi. Wanda ke neman tsarin da zai yi wa allon shago ko buhu, ga shi nan a gabansa: abin da dole a gani a ba shi kauri da duhu, abin ƙawa a ba shi siranta da launi, kada ɗaya ya dogara da ɗaya.

Mutanen da aka yi wa wannan tarbiyya ba baƙi ba ne a sanin sigar harafi. Yaron da ya yi babbaƙu ya san lam jaye daban da lam ara, ya san nun guda da nun ara, ba guje da ha kuri. Tun yana shekara shida ake koya masa kiran harafi da siffarsa. Manomin da ake ganin bai yi boko ba yana iya duban shafi ya ce wannan hannun ya nuna, wancan da saura. Shi ya sa dattawa da yawa har yau ba sa sakin jiki da Alƙur'ani bugun Madina, duk da kyan rubutun Usman Ɗaha, su ce ya yi musu siriri. Rubutun Kano ma ya shiga kwamfuta: a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa littattafan da ake bugawa a Kano, kyauta ne ga mai so. Mai tsara allon da zai sa sunan shago da ajami a sama, boko a ƙasa, yanzu ba shi da uzurin ɗauko siririn rubutun Gabas da rabin masu wucewa ba su taso da shi ba.

Saura matsala ɗaya, wadda ta shafi boko kaɗai. Yawancin haruffan gayun nan an zana su ne don Turanci da Faransanci da Italiyanci, ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Tsohuwar rigima ce. Turawan farko sun gwada ɗigo a ƙarƙashi, wasu suka gwada waƙafi a gefe, sai a shekarun 1930 aka tsaya kan lanƙwasa, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta ɗauke ta, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta kai ta ko'ina daga 1939. Zamanin tafireta akawu da biro yake bin takarda yana ƙara ƙugiya. A shekarun 1980 har Hermann Zapf, Bajamushen da ya zana Palatino da Optima, ya sa hannu a aikin samar da zubi ɗaya da zai ɗauki harsunan Nijeriya. Yau haruffan suna cikin tsarin Unicode, zubi irin su Charis, Gentium, Andika da Noto duk suna da su, amma waɗannan na karatu ne, ba na kwalliya ba. Idan yaro ya rubuta man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da zubin da ba shi da su, ɗayan biyu ne: ko manhajar ta aro masa ɗ daga wani zubi dabam, ta fito a tsakiyar kalma ba kauri ɗaya ba tsayi ɗaya ba, ko ta bar masa akwati fanko. Shi kuma sai ya share ƙugiyar ya huta. Da haka sunan garin Ɗambatta kansa ke rasa lanƙwasarsa a allunan da ke cikin garin.

Abin haushin shi ne babu salon da ƙugiya ta fi dacewa da shi irin wannan. A zubin Bodoni da Didot, saman f da hannun r da bakin c duk suna lanƙwasowa ne su sirance sannan su ƙare da dunƙulen ɗigo. Ƙugiyar ɓ da ƙ ba ta bukatar komai sabo: sandar ta hau, ta karyo dama a kan cikin harafin, ta ƙare da wannan ɗigo. Manyan Ɓ da Ɗ nasu a hagu take, a gurbin ƙafar sama. Ƙ kuwa a hannunta na dama. Mai wuyar ita ce ɗ, domin sandarta a dama take, ƙugiyar kuma sai ta leƙa gonar harafin da ke biye. In a ce ko u, ba laifi, ta bi ta samansu. In i ce, kamar a ɗinki, ɗigon ƙugiya da ɗigon i karo za su yi, sai an gajarta ƙugiyar ko an buɗa tsakani ko an zana su a haɗe, yadda maƙeran Turai suka yi wa f da i tun zamanin dalma. Haka in ta ninku, kamar a ɗaɗɗaya, sai an duba kada ta farko ta taɓa sandar ta biyu.

Duka-duka aikin haruffa takwas ne in an haɗa da ƴ ta Nijar, manya huɗu ƙanana huɗu, sai daidaita tazararsu da maƙwabta. Playfair Display da yawancin zubin da ke Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin SIL na buɗaɗɗun haruffa, wanda ya yarda kowa ya ɗauka ya ƙara abin da ya ga babu ya rarraba, muddin bai sayar da zubin shi kaɗai ba, kuma ya sauya masa suna in mai shi ya keɓe sunan. Manhajar FontForge da ake yin gyaran da ita kyauta ce, tana kuma tashi a irin tsofaffin kwamfutocin da ke shagunan Bichi da Ɗambatta.